Kokowa ana maganar annoba: me kwamiti zai tanada kafin a buga ganga?

Tambaya: Salamu alaikum Dokta. Ni ne magatakardan kwamitin da ke shirya kokowa a garinmu duk bayan kaka, nan cikin jihar Maraɗi. Kwana uku muke yi, ƴan kokowa na zuwa daga Tasawa da Gidan Rumji da Dakoro, har da na Jibiya da Katsina. Bana hukuma ta ce ba za ta sa hannu ba sai mun kawo tsarin kare lafiya, saboda ana maganar cuta na yawo. Mun sayi na'urar auna zafin jiki guda biyu, da takunkumi kwali uku, da man goge hannu. Ya isa? Kuma ta yaya ƙarti biyu za su rungumi juna a fage a ce an kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Allah ya sa a taru lafiya a watse lafiya. Na daɗe ina aikin sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a wannan jiha, daga sanƙarau na lokacin zafi har kwalarar damina, kuma ni ma tun ina yaro nake kutsawa filin kokowa, don haka ba zan fara da ce muku ku fasa ba. Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: kayan nan da kuka saya su ne mafi ƙarancin amfani a cikin abin da taronku ke buƙata. An bar jaki ana dukan taiki.

Ɗauki na'urar auna zafi. Mai korona yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin jikinsa ya yi zafi, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Wanda ya tashi da zazzaɓi kuwa, in yana son kallo, farasitamol biyu zai haɗiya ya wuce ƙofarku goshinsa da sanyi. Ga rana: mutum ya taho kan kabu-kabu da tsakar rana, goshinsa ya gasu, na'ura ta yi ƙara, a tare lafiyayye. In ma kun kama mai zazzaɓin gaske, a nan ƙasar sau da yawa na cizon sauro ne. Kada ku jefar da na'urar, akwai inda za ta yi aiki, amma ba a ƙofa ba.

Kafin komai, ka ce "cuta na yawo", ba ka ce wace ba, alhali tsarin duka a kan wannan yake tsayawa. Akwai masu bin iska da numfashi: korona, mura mai tsanani, ƙyanda wadda muke cewa dusa, sanƙarau, mashaƙo. Akwai masu shiga ta baki, ta ruwa da abinci da hannu mai dauɗa: kwalara, taifot da sauran zawo. Akwai masu bin fata da jini: makero, ƙazuwa, ƙyandar biri, har Ebola, Allah ya tsare. Takunkumi kwali dubu ba ya tare kwalara, ruwan jabel kuma ba ya tare dusa. Ka tafi wurin majon likitar garinku, ko babban likitan gundumarku, ka tambaye shi abin da suke gani a makonni huɗu da suka wuce. Kowace likita tana aika rahoton irin waɗannan cututtuka duk mako, alƙaluman na nan a rubuce. Ka roƙe shi ya ba ku ma'aikaci ɗaya ya zama ɗan kwamiti mai bakin magana, ba wanda za a ajiye wa kujera da akwatin auduga a gefen fili ba. Takardar da kuka rubuta tare da shi ma ta fi saurin samun sa hannu.

Yanzu mu yi lissafi. Ɗan kokowa zai yi awa 72 a garinku. Duk karonsa in aka tara, da wuya ya cika awa ɗaya a fage, kuma fagen nan a sarari yake, kan rairayi, iska na kaɗawa. Sauran awa 71 fa? Yana cikin mota an cusa su kamar buhunan gero, gilashi a rufe saboda ƙura. Yana cikin ajin lakwal da kuka ba su masauki, mutum ashirin, an toshe taga da tsumma saboda sanyin hunturu. Yana cin tuwo a kwano ɗaya da mutum shida, yana shan fura a ludayi ɗaya. Nan cuta ke samun wurin zama, kuma nan ne kwamitoci ba sa dubawa, don ba nan manyan baƙi ke gani ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Turai da aka buga a 2021, hukumar lafiya ta Sikotilan ta lissafa kusan mutum 2,000 masu korona da ke da alaƙa da wasannin. Kusan 1,300 daga cikinsu sun tafi Landan lokacin karawarsu da Ingila, amma waɗanda suka shiga filin Wembley ba su kai 400 ba. Sauran a jiragen ƙasa da motoci da mashaya da dandali suka yi nasu cunkoson. Kafin nan, ranar 19 ga Fabrairu 2020, mutanen Bergamo kusan 40,000 sun ɗunguma zuwa Milan kallon wasan ƙwallon Atalanta, ƙungiyar garinsu, da Valencia, suka koma gida a cushe cikin motoci suna murna, waɗanda ba su je ba suka taru a gidaje suna rungumar juna. Makonni kaɗan bayan nan Bergamo ta zama inda korona ta fi kisa a Italiya, kuma likitocin garin na lissafa wannan dare cikin abin da ya hura wutar.

Amma kada in yi maka daɗin baki, kokowa ba ƙwallo ba ce. Mutum biyu ne goshi da goshi, suna haki a fuskar juna. A watan Disamba 2020 an yi gasar kokowar ɗalibai a jihar Fulorida ta Amurka, mutum wajen 130 suka halarta. Cikin 54 da aka gwada, 38 na ɗauke da korona, suka kai ta gidajensu, har wani babba ya rasu. Ta su a cikin zaure aka yi, ta mu a waje, wannan babbar riba ce gare mu, amma rungumar ɗaya ce. A Japan ma wani ɗan kokowar sumo mai shekara 28 ya mutu da korona a watan Mayu 2020, yana da ciwon suga. Ƙarfin damtse ba ya hana.

To amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce: ba a iya kiyaye mutum biyu da suka riga suka kama juna. Ba tazara, ba takunkumi, kuma kada wani ya ce a yi kokowa da ƙyalle a hanci, numfashi zai sarƙe. Abin da ake yi shi ne a tabbata waɗanda za su shiga fagen lafiya suka shigo gari, kuma ba su ɗauki komai a masauki ba. Ƴan ƙwallon kwando na Amurka sun yi haka a 2020: suka killace ƙungiya 22 wuri ɗaya a Orlando, ana gwada su kullum, aka yi kusan wata uku ba ɗan wasa ko ɗaya da ya kamu a ciki. Kuɗin da suka kashe ba mu da shi, amma dabarar ba ta kuɗi ba ce: kowa ya zauna cikin ƴan tawagarsa, a rage cuɗanya.

A wurinku ga yadda za ta kasance. Kowace tawaga da ɗakinta, da motarta, da kwanukanta, da bidon ruwanta. Na Dakoro kada su kwana da na Tasawa don a rage yawan ɗakuna; in wani ya zo da abu, ya tsaya a ɗaki ɗaya. Tabarma da tabarma a bar aƙalla taki ɗaya mai kyau, a kwanta kai da ƙafa, wato kan wannan na saitin ƙafar wancan. Tagogi a buɗe ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Za su ce sanyi, kuma gaskiyarsu, shi ya sa da ni ne da kuɗin takunkumi kwali ɗaya na sayi barguna. In da hali ma rumfar zana a tsakar lakwal, da gidan sauro, ta fi aji rufaffe. Da dare kuma ba fita fada shan shayi cikin gari. Wannan ita ce doka mafi wuyar bi, don saurayin da ya yi kaye da yamma yana son a gan shi. Ku ɗora ta a wuyan shugaban tawaga, ku haɗa ta da kuɗin abinci.

Ga kuma rakiya. Ɗan kokowa ba ya tafiya shi kaɗai: da makaɗi, da maroƙi, da malaminsa, da yaro mai riƙon gora, da cali-cali, da ɗan'uwan da ya biyo mota don kallo. A gasar takobi ta ƙasa jiha takwas ce, kowace da ƴan kokowa goma, mutum 80 ke nan, amma dubi yawan jama'ar da ke biyo su. Ku yanka adadi tun a takardar gayyata, ku rubuta sunan kowa da garinsa da lambar wayarsa ran da ya sauka. Duk dokar da ta hau ɗan kokowa ta hau mai rakiyarsa, tunda ɗaki ɗaya suke kwana.

Kowace safiya, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ma'aikacin lafiya ya zaga masauki. Nan na'urarku za ta yi amfani: mutane ƙididdigaggu, a inuwa, kullum lokaci ɗaya, a rubuta. Ya tambayi tari, ciwon maƙogwaro, ciwon kai, sanƙarewar wuya, zawo. Sannan ya duba fata da hasken rana, fuska da wuya da hammata da bayan kunne. Ƴan kokowa a duniya duka suna fama da cutar fata; a wani sansanin horo a Minesota a 1989, cikin ƴan kokowa 175, 60 sun kamu da ƙuraje masu ruwa daga gogayyar fata kawai. Mai ƙurji mai ruwa ko makero a buɗe ba ya shiga. Wata shawara daga abin da na gani: kada ma'aikaci ya taɓa guru ko laya da hannunsa, rigima za ta tashi a ce an karya asiri. Ya ce wa mai shi ya ɗaga da kansa a ga fatar da ke ƙarƙashi. A yanke farce. Jini ya fita a fage, alƙali ya tsayar, a wanke a ɗaure, mai ɗaurin da safar hannu. Aska ko reza kuma kowa da tasa, saboda ciwon hanta.

Duk binciken nan banza ne in ɗan kokowa ya san faɗin gaskiya zai sa ya koma gida hannu rabbana. Mutum ya bar iyalinsa, ya ci bashin kuɗin mota, yana hango babur ɗin da aka kafa a tsakar fili, ka ce ya ɗaga hannu ya ce "ina zawo"? Ba zai faɗa ba, ni ma da ni ne sai na yi tunani. Ku sanar tun ranar farko cewa wanda likita ya cire za a ba shi kuɗin halartarsa cif, da magani, da kuɗin mota. Ku ware wannan a kasafi. Shi ne kuɗin da ya fi kowane sayen lafiya a taron nan.

Batun rubutu da tofi ban ce a hana ba, kuma ba mai iya hanawa. Abin da nake roƙo biyu ne: a wanke allo da ruwan da kwamiti ya tsabtace, kuma kowa da gorarsa, kada ta zaga bakin mutum biyar. Ku zauna da malaman tun kafin ranar, da girmamawa. Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi ruwa mai tsabta ba in an yi masa magana ta hankali.

Tunda bayan kaka kuke yi, hankalina ya fi tafiya kan sanƙarau. Lokacinsa daga Disamba ne zuwa Yuni, sa'ad da ƙurar hunturu da bushewar iska ke fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu ƙofa. Mutane da yawa na ɗauke da ita a maƙogwaro lafiyarsu lau, su ke rabawa a ɗakin kwana mai cunkoso. A 2015 ƙasar nan ta ga wajen mutum 8,500 da suka kamu, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai. Allurar da aka yi wa jama'a a 2010 da 2011 ta nau'in A ce, ta kuwa yi aiki, amma na 2015 nau'in C ne, don haka "ai an yi mini tun ina yaro" ba hujja ba ce. In majo ya ce akwai allurar da ta dace da abin da ke yawo, a yi wa ƴan kokowa ita a garuruwansu, mako biyu kafin tafiya. Allurar da aka yi a bakin fili ba ta kare kowa a wannan taron, jiki bai gama haɗa garkuwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuya ya ƙi lanƙwasa kuwa, ba a jiran safiya, likita za a nufa a daren.

Sai ruwa da makewayi, inda mu mutanen Maraɗi bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Kwalarar 2018 daga Madarumfa ta taso a watan Yuli, ta kama fiye da mutum 3,000. Ta 2021 ta wuce 5,000 a ƙasa, jiharmu ce kan gaba. Ta fi son damina, amma taron dubban mutane da ba makewayi damina ce da kanta. Daga shan ƙwayar zuwa fara zawo awoyi kaɗan ne zuwa kwana biyar, wato wanda ya sha a garinku ranar ƙarshe a garinsu zai kwanta. Ku san daga ina kowane ɗigon ruwan sha ke fitowa. Na famfo ko na rijiyar burtsatse, a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30, a zuba a mazubi mai murfi da famfo, ba randa da moɗa ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba. Ƴan garuwa ku nuna musu inda za su ɗebo. Ku ce wa masu lamurje da ƙanƙara da fura da ruwan kwamiti za su dama, kyauta, in ba haka ba ba su da wuri. Abincin da ya fito daga wuta da zafinsa, tsire, ƙosai, waina, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kwaɗon ganye da salak da abin da ya wuni a buɗe ƙuda na bi.

Makewayi ku haƙa tun da wuri, na maza daban na mata daban, nesa da rijiya aƙalla mita 30. A masauki, inda ake kwana, ɗaya ga mutum 20 shi ne ma'aunin da ake bi. A bakin kowane a ajiye bido mai famfo da sabulu, a sa yaro a biya shi, aikinsa kawai cika ruwa. Na sha ganin wurin wanke hannu da aka ƙaddamar da tafi da safe, kafin azahar ya bushe, sabulun ya yi ƙafa. A huda sabulun a ɗaure shi da igiya. Man goge hannun da kuka saya ba ya aiki a hannun da ya yi ƙura da maiƙon tsire, ku bar wa ma'aikatan lafiya da masu karɓar kuɗi. In kun samu garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, ga awo: babban cokali ɗaya a shafe cikin bido mai lita 20, na wanke hannu ne, cokali biyu cikin lita 10, na wanke daɓe da makewayi, cokali biyu cikin lita ɗaya, na zubawa kan amai da kashin maras lafiya. Ba ko ɗaya a ciki da ake sha, ku rubuta a jikin bidon, ku sa masa alama don wanda bai yi karatu ba. Gefe ɗaya kuma a yi ƴar rumfa ta keɓe maras lafiya, da tabarma da bokiti da ruwan gishiri da suga: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da mota ɗaya mai mai a ciki wadda ba a aikenta ko'ina.

Ƙofa. Kuna shirin tsayar da mutum biyu da na'ura biyu su auna dubban mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da za ku samu shi ne jama'a a matse ƙirji da baya na tsawon awa, suna tari a ƙeyar juna, cunkoson da ya fi na cikin fili. Ban da cuta ma, matsi kansa yana kisa: a gasar cin kofin Afirka a Kamaru, ranar 24 ga Janairu 2022, mutum takwas sun mutu a turmutsitsin ƙofar filin Olembe, a gasar da aka ƙayyade yawan ƴan kallo saboda korona. Ku yawaita ƙofofi, ku buɗe tun da hantsi, ku sayar da tikiti a unguwanni da tasha kafin ranar, kada a haɗa layin kuɗi da layin shiga. Fita ta fi shiga haɗari, don kowa lokaci ɗaya yake tashi ana kiran magariba, a buɗe ko'ina kafin karon ƙarshe. Da kun faɗaɗa da'irar kun ƙara layin zama, kun yi abin da ya fi awo.

Takunkuminku kwali uku ba zai ishi fili ba, kuma matashin da ke ihu a rana ba zai bar shi a hanci ba. Ku kai shi inda zai yi aiki in cutar ta numfashi ce: cikin mota, wurin ma'aikatan lafiya, ga duk mai tari, da rumfar manyan baƙi. Wannan rumfa, da kowa ke ganin ita ce wuri mafi daraja, ita ce mafi haɗari: dattawa ne masu hawan jini da suga, kujeru a manne, an zagaye da tamfol, kowa ya zo sai ya bi layi ya yi musabaha. Korona ba ta yi mana ɓarna irin ta Turai ba, alƙaluman hukuma ba su kai mutum 10,000 ba, mamata ɗari uku da ƴan kai, ko da yake gwajin ma kaɗan aka yi, kuma kusan rabin ƴan ƙasar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Amma waɗanda ta ɗauka irin mazauna rumfar nan ne; har minista mai ci, Mohamed Ben Omar, ta ɗauka a watan Mayu 2020. Ku ɗage gefen rumfar, ku rage kujeru, a gaisa da hannu a ƙirji. Tsohon da ba shi da ƙoshin lafiya a lallashe shi ya saurara a rediyo. Wannan magana ba daga bakinka za ta fito ba, Malam, ka fi ƙarfin a ce ka hana dattijo kujera; ku kai ta fada, sarki ko hakimi ya faɗa, liman ya maimaita ran Juma'a, maroƙa su sa ta cikin kirari. Mun ga yadda aka yi a 2020 da aka rufe masallatai ba a gama fahimtar da jama'a ba.

In aka yi kaye kuma fili kan ɓarke, a ruga a ɗaga gwani, a manna masa kuɗi a goshi mai gumi. Ba za ku kashe murna ba, amma kuna iya sa igiya da ƴan agaji, a ajiye tasa a gefe, sanƙira na shelar wanda ya ba da kari da adadinsa. Mai bayarwa ma ya fi son haka, sunansa ake ji.

Saura abu ɗaya da nake so ku rubuta ku sa hannu tun yau, kafin a kashe ko dala: me zai sa a tsaya, kuma wa zai ce a tsaya. Na taɓa zama a wani gari, rana ta biyu ta kokowa, samari suka tashi da zawo a ɗaki ɗaya. Na ce a dakata. Mai ɗaukar nauyin taron ya riga ya kawo babur, ya gayyato baƙi daga nesa, ya ce in bari a gama gobe. Ba takardar da ta ba ni iko, ba wanda ya so ya ɓata masa, aka ci gaba. Makon da ya biyo muka yi ta bin ƙauyuka da ruwan ƙari. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, ranar da ganga ke tashi ba mai iya yanke irin wannan hukunci. Manya ma da wuri suke yankewa: Maroko ta ƙi karɓar gasar Afirka ta 2015 a kan lokacinta saboda Ebola, aka mai da ita Ikwatoriyal Gini, wasannin Olamfik na Tokiyo an ɗaga su shekara guda, aka yi su a 2021 kusan ba ƴan kallo.

Ga abin da zan sa a takardar. In an tabbatar da kwalara ko mutum ɗaya a garinku ko kewayensa, an ɗage. Ita mutum ɗaya ma annoba ce. In sanƙarau ya kai mizanin annoba a yankin, wato mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya, an ɗage, in ya kai 3 kuwa a zauna da likita a sake shawara. In mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suka tashi da alamu iri ɗaya, tawagar ta dakata har a duba. In tawaga za ta taso daga inda cuta ke ci, a ba ta haƙuri tun kafin ta hau mota. Ku kuma rubuta yadda za a yi da karon wanda aka cire, don kada a yi ta gardama a fage. A gasar cin kofin Afirka ta Kamaru dokar ta ce in kana da mutum 11 sai ka buga, shi ya sa Komoros, da korona da rauni suka cinye masu tsaron gidanta, ta sa ɗan baya a raga ranar da ta kara da masu masauki. Mai ɗaukar nauyi shi ma ya sa hannu, a gaban hakimi, cewa in an ɗage kyautarsa na nan har ranar da aka sake sawa.

In an watse lafiya, littafin sunayen nan kada a jefa shi cikin akwati. Shugaban kowace tawaga a kira shi a kwana na uku, da na bakwai, da na sha huɗu, a tambayi lafiyar yaransa. In dusa ce ke yawo a kai har kwana 21. Duk abin da aka ji a gaya wa majo a ranar, shi ya san yadda zai sanar da takwaransa na can. Na Jibiya da Katsina ma a kira su, lambobinsu na cikin littafin, kuɗin kiran kawai za ku ware tun yanzu.